Gyaɗar da Na Kai wa Ɓeraye

Talata, 4 ga Maris

Yau na gane abin da ya kashe ɗana Auta. Ina wanke butar shayi, na leƙa ciki, na ga farin abin nan da ke daskarewa a gindinta. Na sa cokali ina kankarewa, yana ɓantarewa kamar ɓawon ƙwai. Sai hannuna ya tsaya. Ashe wannan Likita yake nufi ranar da ya ce alli ya taru a jijiyoyin jinin yaron, sun yi tauri, zuciyarsa ta yi ta turawa har ta gaji. Ranar kai kawai nake gyaɗawa. Ko wata biyu bai cika a duniya ba.

Na ɗora butar a kan kantar kicin. Na dafa ruwan a tukunya.

Lahadi, 9 ga Maris

Masu gaisuwa sun ɗauke ƙafa. Gida ya koma mu uku: ni, da maigidana Baban Aku, da 'yarmu Aku. Ita kaɗai ke magana, ba a banza aka laƙaba mata sunan ba. Shekararta bakwai, bakinta na 'yar saba'in. Yau ta ce ko za a mayar wa mai shago bahon wankan Auta, tunda bai tsufa ba. Na ce a'a. Yana nan bayan ƙofa.

Alhamis, 17 ga Afrilu

An kira mu asibiti. Ban da Likita akwai wata mata mai bincike, doguwa, mai tabarau. Ta yi mana zane. Ta ce a jikin hanta akwai wasu 'yan ƙofofi da ido ba ya gani. Ta nan wani abu ke fitowa ya shiga jini, aikinsa ya hana alli zama inda ba wurinsa ba. Tsarin gina su kuwa gadonsa ake yi, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. In ɗaya ya lalace, ɗayan ya isa. Nawa ɗaya ya lalace. Na Baban Aku ma haka. Auta ya kwaso lalatattun duka biyu.

Baban Aku gyaran famfo yake yi. Ya ce, "Na sha yanka bututu in tarar da allin nan a ciki."

Abu biyu suka roƙa. Suna da ɓerayen da suke nazari a kansu, suna so su samar da wasu masu lalacewa irin tamu sak. Sannan a ɗebi jinin Aku. Ta ce ciwon ba kullum yake kama jariri ba. Wani sai ya girma, ya fito masa a fatar wuya, daga baya ya taɓa ido. Na ce akwai magani? Ta ce da saura. Na ce to ɓeraye ku yi abinku, Aku kuwa ku bar min ita.

Asabar, 19 ga Afrilu

Inna, uwar Baban Aku, ta ji labari. Ko mayafi ba ta cire ba. "Jikana za ku zuba a cikin ɓera? Ke 'yar nan, kanki ɗaya kuwa?" Na ce Inna, ba jininsa za su sa ba, kwaikwaya za su yi. Ta ce, "Mu dai kaf danginmu ba a taɓa yin wannan ba." Ɗanta ya ce, "Inna, rabi daga wajena yake." Ta dube shi, ta dube ni, ta ce a ba ta ruwa.

Litinin, 2 ga Yuni

Ɓera ya huda min ledar shinkafa. Na ɗana tarko, ya kama. Aku ta ce Allah ya ƙara.

Laraba, 12 ga Nuwamba

Mun yi faɗa, irin wanda ba a ɗaga murya. A kan gwajin Aku, kamar kullum. Ya ce, "Bututun da ke yoyo cikin bango, rashin gani ba ya hana shi cin gida." Na ce 'yata ba bango ba ce. In babu magani, me sani zai ƙara min, ban da in riƙa kallonta kamar mai bankwana? Ya ce, "Ai yanzu ma haka kike kallonta."

Gaskiya ne dai, duk wanka sai na bi wuyanta da yatsa ina lalube. Rannan ta ce, "Umma, wai wuyana ya fi ko'ina datti ne?"

Talata, 10 ga Fabrairu

Shekara ta juya ban rubuta komai ba. Mai tabarau ta kira. Ɓerayen sun samu, har sun hayayyafa, ko ina so in gani. Ban san abin da ya sa na ce to ba.

Juma'a, 13 ga Fabrairu

Na je. Na soya gyaɗa na ƙulla a leda, don ban iya zuwa wurin masu rai hannu rabbana ba. A bakin ƙofa na tarar da wani tsoho, shi ke kula da su. Ya ce, "Hajiya, mene ne wannan?" Na ce tsarabarsu ce. Ya yi dariya har ya dafa bango. "Ai waɗannan 'yan gata ne. Ni kaina sai na wanke hannu nake gaishe su. Abin waje ba ya shiga bakinsu. Miƙo gyaɗar, ni ma ɓera ne a gidanmu, ki tambayi matata." Na ji kunya, na miƙa masa.

Suka sa min riga, da hula, da safar hannu, har takalmina aka rufe da leda. Ɗakin ba taga. Akwatunan roba jere a kan kantoci kamar shagon magani, ga warin garin katako, ga wata na'ura tana gurnani ƙasa-ƙasa. Baƙaƙe ne, ƙanana, tsaf-tsaf. Na bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Ban san me nake nema ba. Babu komai na Auta a wurin. Ɓeraye ne kawai.

Na ce wanne ne mai ciwon? Tsohon ya ce, "Duba da kyau ki gaya min." Uwarsu ɗaya, gudunsu ɗaya, cinsu ɗaya. Na kasa.

Mai tabarau ta ce ita ma ba za ta gane da ido ba. A ɓera, allin a saiwar gashin baki yake fara taruwa, tun yana tsalle-tsallensa lafiya lau. Ta nuna min hoto biyu a kwamfuta. Ɗaya baƙaƙen ɗigo sun kewaye saiwar. Ɗaya ɗigon kaɗan ne, wannan an sa masa abin nan da hanta ta kasa bayarwa a ruwan sha tun yana ƙarami. Ta ce, "Ɓera ne fa, ba mutum ba. Kar ki ɗauka na yi miki alkawari." Na ce ban ɗauka ba. Ta ce ga mutum, abin da ke hannu yanzu shi ne a riƙa duba ido, in jini ya fara tsatsa a ciki a tare shi da wuri, kuma a kiyaye duka a fuska.

Da za mu fita tsohon ya ja ni akwatin ƙarshe. "Ga Kaka. Ita tun kafin naku aka toshe ƙofarta. Ta ga jikoki, ta ga tattaɓa-kunne, ba ta da aiki sai cizona." Tana zaune tana wanke fuska da hannu biyu. Na daɗe a tsaye, har ya yi gyaran murya.

A mota na tuna, in suna ƙwallo a makaranta Aku ce mai tsaron raga. Ta sha dawowa da ido a kumbure, tana ba ni labari tana alfahari. Ni kuma ina sa mata ruwan sanyi ina dariya.

Talata, 3 ga Maris

Na kai Aku sayen takalmin makaranta. Asibiti a kan hanya yake, sai muka biya. To, ba kan hanya sosai ba.

Ta ce wa nas, "Anti, ki ɗiba kaɗan, ina amfani da shi." Ba ta yi kuka ba. Na ce mata duba ƙarfin jini ne.

Baban Aku ya ga auduga manne a hannunta. Ya sauko da butar nan da ke kan kanta tun bara, ya matse lemon tsami a ciki, ya tafasa, ya ɗauraye. Ya haɗa shayi ya ajiye a gabana. Na sha.

Laraba, 25 ga Maris

Sakamako ya fito. Ita ma duka biyun ta kwaso.

Mu biyu muka je. Ban yi kuka ba. Na ji kaina ina tambaya, yaushe za a duba idon, sau nawa a shekara, akwai tabaran kariya na yara masu wasa? Likita yana amsawa, Baban Aku yana riƙe da jakata kamar za a ƙwace. An ba mu Litinin. Wuyanta dai sumul yake, wannan na sani ba sai an gaya min ba.

A baranda muka haɗu da mai tabarau. Na tambaye ta labarin Kaka. Ta ce tana nan, jiya ma ta ciji tsohon. Na ce madalla.

Ɓera ya dawo kicin. Na juye shinkafar a bokiti mai murfi. Tarkon ban gan shi ba, ban dai nema sosai ba.

Bahon wanka gobe zan kai wa maƙwabciyarmu mai ciki, in ba ta camfa shi ba.

Aku na waje yanzu, ina jin muryarta tana ba yaran layi umarni. Na bar ta yau. Kafin Litinin sai ta san dalilin da za a duba idonta, da dalilin da za ta bar raga har tabarau ya samu. Babanta ya ce shi ba zai iya ba. Ban gaya mata ba tukuna.