Ni aka ɗauka aiki, amma wani ne yake yinsa ta waya

Assalamu alaikum admin da dukkan 'yan uwa na wannan zaure. Don Allah ku ba ni shawara. Admin ina roƙonka ka ɓoye sunana da lambata, sunayen da zan ambata ma duk na canja su. Ku yi haƙuri idan rubutun ya yi tsawo, karatuna bai wuce firamare ba, kuma ni mutum ne mai yawan damuwa, ƙaramin abu ma yakan hana ni cin abinci, balle wannan.

Ni ɗan Garwa ne a arewacin Kamaru, shekarata talatin da huɗu, ina da mata da 'ya'ya uku. A aji shida na bar lakol, wato makaranta, na koma rumfar mahaifina ta atamfa, daga baya na koyi gyaran waya, daga nan na shiga gyaran kwamfuta. Hannuna yana da kyau, wannan ba yabon kai ba ne, zan buɗe kwamfuta in gane abin da ya ƙone, zan ja waya a gini in haɗa kanta tsaf. Inda nake da rauni shi ne karatu. Faransancina na kasuwa ne, ina ji ina mayarwa, amma idan rubutu ya cika allon kwamfuta sai kaina ya ɗaure, Turanci kuwa ba a maganarsa.

Muna da wani guruf na masu aikin kwamfuta na yankinmu, ba wannan ba, shi ya sa na kawo maganar nan, don can da na rubuta layi biyu za a gane ni. A guruf ɗin duk wanda ya ji labarin aiki yakan sa, wanda ya maƙale a wani gyara yakan tambaya a ba shi amsa. Wadda take riƙe da mu wata baiwar Allah ce, zan kira ta Adda Ramatu, injiniya ce, masu kamfani da yawa sun san ta. Tana da ƙa'ida ɗaya da kowa ya sani, ba ta miƙa sunan mutum sai ta gwada shi, idan kuma ta miƙa to ita ce ta tsaya masa, sunanta ne a kai. Da wannan ƙa'idar mutane da dama suka samu abin yi, don masu kamfani sun san wanda Adda ta turo ba ya ba da kunya.

A cikin guruf ɗin akwai wani mutum da kowa yake kira Metir, wato malami, domin duk tambayar da ta gagari mutane shi yake warwarewa. Ban taɓa ganinsa ba, sai wata rana wani dattijo ya kawo min waya mai fasasshen gilashi a rumfata, ina cikin gyara sai saƙon guruf ɗinmu ya faɗo a kanta, na ga sunan da mai wayar yake amfani da shi a guruf Metir ne. Na ɗaga kai na dube shi, riga ta koɗe, takalmin roba, na ce wai ko kai ne Metir? Ya yi dariya ya ce in rufa masa asiri. Zan kira shi Bulus. Kirista ne ɗan Mora, a da yana da shagon intanet a can da kwamfuta goma sha biyu, har ma'aikatan gwamnati yana koyarwa. Da aka kai hari unguwarsu shagon ya ƙone, gidan ya ƙone, takardunsa duka suka tafi, har takardar haihuwa. Matarsa ma a lokacin ya rasa ta. Ya taho Garwa da 'ya'yansa mata biyu, ya samu wani ɗan kasuwa yana auna masa gyaɗa a sikeli. Tun daga ranar muka shaƙu, ni ina kiransa Gran, kamar yadda muke kiran babban wa a nan, shi kuma yana tsokanata da ɗan Alhaji.

Wata takwas da suka wuce Adda ta sa sanarwa, wani ƙaramin kamfani mai haɗa intanet da kyamara a ofisoshi yana neman mutum ɗaya. Guruf gaba ɗaya aka ce Metir. Ta kira shi, ya yi mata godiya ya ce yana da uzuri. Ni kaɗai na san uzurin, kamfanin yana son katin ɗan ƙasa, shi kuma ba zai samu kati ba sai da takardar haihuwa, ita kuma sai ya koma kotu a Mora da shaidu, shaidun sun watse, shi ma ƙafarsa ba ta iya komawa garin. Da yamma ya zo rumfata ya ce in nema, wai gara aikin ya faɗa hannun wanda ya sani. Na ce Gran ka san matsalata. Ya ce hannu ne mai wuyar samu, karatu kuwa ana koya.

Adda ta turo min gwaji, in saita ruta, wato akwatin da yake raba intanet, in ɗauki hotuna in rubuta ɗan bayani da Faransanci. A rumfata na yi, Gran yana zaune a kan benci kusa da ni, yana cewa danna nan, rubuta kaza. Bayanin kuwa shi ya rubuta daga farko har ƙarshe. A raina na ce ai koyo nake yi. Washegari Adda ta kira ni, ta yaba sosai, sannan ta ce, "Ƙanina, kai kaɗai ka yi wannan?" Na ce, "Eh, Adda." Wallahi 'yan uwa wannan kalma ɗaya ita ce take bina har yau, ko salla na tayar sai na ji ta a kunnena.

Na fara aiki. Hawa tsani, huda bango, jan waya, ɗaura kyamara, duk ba wanda ya fi ni a kamfanin. Amma da an zo saiti, sai in ce wa abokan aiki zan zaga, in koma bayan gini in ɗauki hoton allo in tura wa Gran, shi kuma ya turo min saƙon murya da Hausa, mataki mataki. Rahoton ƙarshen mako ma in faɗa masa abin da aka yi, ya rubuto, in tura wa patron, wato mai kamfanin. Har patron ya taɓa ɗaga rahotona a gaban mutane yana cewa ku koyi rubutu wurin wannan. Na sunkuyar da kai, suka ɗauka kunya ce. Ba wai ban yi ƙoƙari ba, ina da littafi da nake zana hoton kowane allo da biro, in rubuta ma'anarsa da Hausa a ƙasa, yanzu abin da aka saba yi kullum ina iyawa. Amma da wani sabon jan rubutu ya fito sai in rasa ko ina nake.

Na sha kai masa wani abu daga albashina, ya ƙi, ya ce shi ba haya na ɗauke shi ba. Abin da yake karɓa kawai data, sai shinkafa da matata take aika wa 'ya'yansa, ita ma sai an ce daga matata ce. Ya taɓa ce min idan hoton allona ya shigo wayarsa yakan ji kamar yana zaune a shagonsa na da.

Abin da ya fara karya min zuciya a Figil ya faru. An tura ni wani ofis can ni kaɗai, na gama haɗa komai, saiti ya ƙi, na tura wa Gran hoto, shiru. Na kira, waya a kashe. Awa huɗu ina jira, mai ofishin yana zuwa yana tambaya. Don in samu abin faɗa sai na ce waya ce ta lalace a cikin bango, na yanke lafiyayyar waya da hannuna na sake jan wata. Dukiyar mutane na ɓarnatar don in rufe ƙaryata, wannan ma ban san yadda zan yi da haƙƙinsa ba. Can da la'asar ya kunna waya, cikin minti biyar ya warware min, ya ba ni haƙuri ya ce caji ne ya ƙare. Da na dawo Garwa na biya ta wurin gyaɗa in gaishe shi, sai na tarar da wani a kan sikelin. Masu ɗaukar buhu suka ce ai an sallami Bulus, maigidan ya gaji da ganinsa kullum da waya a kunne masu kaya suna tsaye, ranar da na maƙale a Figil ma ƙwace wayar ya yi ya ajiye har aka tashi. Wato saboda ni. Kuma bai faɗa min ba, kwana tara yana amsa min saƙo kamar ba abin da ya faru.

Na same shi a gida na ce abin ya isa, zan je in faɗa wa Adda gaskiya, wataƙila ta san hanyar da za a bi a samo masa takarda a ba shi aikin, tunda dama nasa ne. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci ba sai ranar. Ya ce ni yaro ne ban san duniya ba, takarda ba ta fitowa don wani ya yi kuka, idan na faɗa ni zan rasa aiki, shi ba zai samu ba, gida biyu su zauna babu. Na ce to ni ina zan kai nauyin da yake kaina, abincin da nake ba 'ya'yana ma ban san matsayinsa ba. Ya ce wayar da nake ja ai ba aljani yake ja min ba. Muka yi ta ja-in-ja har 'yarsa ta rufe ƙofar ɗaki. Daga ƙarshe ya faɗa min ainihin abin da yake ransa.

"Ɗan Alhaji, a kasuwa sunana ɗan gudun hijira. A unguwa sunana baƙo. Guruf ɗin nan ne kaɗai wurin da ya rage ake ce min Metir. Idan Adda ta ji da hannuna aka yaudare ta, shi ma ya tafi. Ka bar min wurin nan ɗaya."

Na tashi na tafi gida. Bayan sati biyu kuma Adda ta sa hotona a guruf ina kan tsani, ta rubuta cewa ga ɗan firamare ya zama abin alfahari, kada kowa ya raina kansa. Wanda ya fara yi min barka shi ne Metir. Mutane irina da ba su yi nisa a karatu ba suka yi ta turo min saƙo suna tambayar yadda na yi, har yau ban amsa wa ko ɗaya ba. Na je wurin wani malami na yi masa tambayar a kaikaice, kamar labarin wani ne, ya ce neman taimako a aiki ba laifi ba ne amma ƙarya ga wanda ya amince maka laifi ce, sai na fito da damuwa fiye da yadda na shiga.

Yanzu ga inda ake. Kamfanin ya samu aiki na wata uku a wajen Tibati, kusa da madatsar ruwa inda masunta suke, patron yana so in tafi a matsayin shugaban aikin, daga nan a tabbatar da ni. Waɗanda suka je duba wurin sun ce rezo, wato sabis ɗin waya, sai an hau tudu, wani lokaci yini guda babu, to ba Gran ke nan. Kuma patron ya gaya wa Adda tunda wanda ta kawo ya yi kyau, ta kawo mutum biyu daga guruf su yi aiki a ƙarƙashina, har ta zaɓe su, ɗaya matarsa tana da tsohon ciki. An ba ni takarda in sa hannu ranar Litinin, Adda ma za ta sa nata a ƙasan nawa.

Takardar shafi biyu ce da Faransanci, ban gane rabinta ba, don haka na yi abin da na saba, na ɗauki hoto na tura wa Gran. Ya karanta min layi layi a saƙon murya. Da ya zo wani wuri sai ya tsaya, ina jin numfashinsa da kukan kaji a bayansa, sannan ya ci gaba, bai ɓoye min ba bai kuma sassauta ba. Ya ce wurin yana cewa na tabbatar zan iya saitawa da gyara komai ni kaɗai ba tare da taimakon kowa ba, kuma duk rahoton da na miƙa a baya aikina ne. Sannan ya ce, "Sa hannu, ɗan Alhaji. Kafin ka tafi zan cika maka littafinka." Na saurari saƙon nan ya fi sau ashirin.

'Yan uwa ya zan yi? Idan na sa hannu na ƙara ƙarya a kan ƙarya, kuma na ja Adda ta sa hannu a kan abin da ba ta sani ba, ranar da na maƙale a Tibati sunanta ne zai zube, ƙofar da take buɗe wa mutane ta rufe. Idan na faɗa mata gaskiya na tona asirin mutumin da ya rasa sikelinsa saboda ni, abu ɗaya ya roƙe ni a duniya na hana shi, kuma wataƙila mutum biyun nan su rasa aikin tun ba su fara ba. Na yi tunanin in ajiye aikin kawai in ce ba ni da lafiya in koma rumfata, amma wannan ma wata ƙaryar ce, kuma Adda ba za ta bar ni ba sai ta ji dalili. Ko akwai yadda zan faɗa mata laifina ba tare da na ambaci sunansa ba, alhali duk guruf an san mutum ɗaya ne yake irin wannan rubutun? Ko cikinku akwai wanda ya san yadda wanda takardunsa suka ƙone zai samu wasu ba tare da ya koma garin da ya binne matarsa ba?

Ba na neman a tausaya min, na san ni na ce eh. Wanda zai zage ni ma ya zaga, amma ya haɗa da shawara, don Litinin saura kwana uku. Roƙona na ƙarshe, don girman Allah ku rubuta amsoshinku da Hausa. Idan kuka rubuta da Turanci ko Faransanci, ba ni da wanda zai karanta min sai shi.