Motarka na kan bulo

Auta,

Ɗazu na fita da tsohuwar motar Baba. Ina shan kwanar farko na ji ƙurrr! Shirga-shirgan tayoyin da ka ɗaura mata don burga sun gurje jikinta, sun kwashe fentin da marigayi yake lallaɓawa tun ba a haife ka ba. Ban ce maka rim sha huɗu da siririyar taya ne nata ba? Ka ce mace me ta sani.

To, na san kwance noti. Motarka na kan bulo, tayoyinta na kulle a ɗakina. Ba ka ganinsu sai ka mayar da na Baba.

Gidan surukanka kuwa yau, sai ka taka sayyada. Ka gaishe min da su.

Yayarka