Igiyar da Kika Saki

Ƙofar Ruwa ta Arba'in da Shida,
Talata, 18 ga Nuwamba, 1884

Ya Drusilla, sanyin idona, farin zalɓen da ke tsaye shi kaɗai a gaɓar zuciyata, zumar ƙarshen kaka, ma'abociyar muryar da ta fi ƙahon jirginta daɗi, alhali ƙahon nan nata babu kamarsa daga Cumberland har Georgetown! Ina gaishe ki gaisuwar mutumin da kwana biyar ke nan abinci bai yi masa ɗanɗano ba. Ganyayen da suka yi ja a kan duwatsun bakin kogin Potomac duk sun zube, itatuwa sun tsaya tsirara suna kallona, ni ma haka zan tsaya a gabanki cikin wannan takarda, ba tare da na rufe komai ba.

Kin tuna ranar da kika fara shigo da jirginki ƙofar ruwan da nake tsaro, ke kaɗai a kan sandar tuƙi, bazarar da ta biyo bayan rasuwar mijinki? Maza uku ne zaune a kan gungumen ƙofata suna jiran su ga yadda mace za ta daki dutse. Jirgi maƙare da kwal, tsakaninsa da bango ta kowane gefe bai wuce faɗin tafin hannu ba, kika zura shi kamar zare a kafar allura, ko fenti bai karce ba. Yayanki Jubal ya naɗe igiya a turke, jirgi ya tsaya cak, mazan nan suka tashi ɗaya bayan ɗaya kamar an aike su. Na rufe ƙofofin sama, na sa makullin ƙarfe na buɗe tagogin ƙasa, ruwa ya soma janyewa, kika soma sauka a hankali. Fuskarki ta bar daidai idona ta koma daidai ƙirjina, ta koma daidai takalmina. Amma wallahi ni nake jin kamar ina ɗaga kai ina kallon abin da ya fi ƙarfina! Minti goma ruwa yake ɗauka ya sauka ƙafa takwas. Shekara uku ke nan ina rayuwa a kan waɗannan mintoci goma-goma, kamar mai ƙishirwar da ake ɗiga wa ruwa da cokali.

Kuma kin san abin da ya zama al'adarmu. In na tura gungumen da bayana, ƙofar ƙasa ta buɗe, sai in bi turbar alfadaran da ke jan jirginki ina tafe daidai da ke har mil guda, ina cewa wai ramukan ɓerayen ruwa nake dubawa a jikin gaɓa. Ki jefo mini tuffa, in miƙa miki takarda a kan sanda, ki cusa ta a aljihun rigarki ki ce sai an natsu. Wani zuwan kuma ki rero mini baitina da ka, ba ki bar harafi ɗaya ba, ki ce in koma kada ƙofata ta yi yaji. Wane sarki ne ya taɓa samun abin da nake samu a wannan mil ɗin?

To, ranar Alhamis ɗin nan na raka ki har gindin tsohon itacen goron daji kamar kullum, na juya. Da ma ban waiwaya ba! Na waiwaya, sai ga jirgin Lemuel Stottler yana haurowa fanko, yana rawa a kan ruwa kamar ɓawon gyaɗa. Wane ne a wannan hanyar ruwa bai san ƙa'ida ba? In jirgi biyu suka haɗu, mara kaya shi ne mai tsayar da dabbobinsa, ya saki igiyarsa ta nutse, mai kaya ya wuce ta kanta. Ke da na sani ba ki taɓa sakar wa kowa igiya ba in kina ɗauke da kaya. Na ga kin tsaya rabin yini hanci da hanci da wani mutumin Williamsport, kina shan gahawarki, har ya gaji ya ja baya. Amma ranar nan, tun Lemuel bai buɗe baki ba, kika ɗaga hannu. Jubal ya tsayar da alfadarai. Igiyarki ta yi laƙwas, ta kwanta cikin ruwa, jirginsa ya bi ta kanta yana taƙama, ya cire hula, ke kuma kika yi dariya. Dariyar ta iso ni a kan ruwa, Drusilla. Ruwa ba ya ɓoye sauti.

Na nemar miki uzuri kamar mai neman tsabar da ta faɗi a ciyawa. Na ce ko alfadara ce ta yi ɗingishi, amma da idona na ga ƙafafunsu a ƙofata, lafiya ƙalau. Na ce ko Jubal ne ya yi gyangyaɗi, amma hannunki na gani a sama. Me ya ba ki da har kika kwantar masa da abin da ba ki kwantar wa kowa ba? Gashin bakin da yake murzawa da mai? Kwana nawa ya yi yana goge miki turke kamar yadda nake yi, don kada igiyarki ta cinye? Sau nawa ya cika ƙofa kamar ni tun kafin ki busa ƙaho, don kawai ya gane takun dabbobinki daga nesa?

Dole na koma da sassarfa, don jirgin da zan ɗaga a ƙofata nasa ne. Ya shiga, na rufe a bayansa. Ba zan ɓoye miki ba: da na kama makullin, Shaiɗan ya raɗa mini in buɗe tagogin sama duka lokaci guda, ruwa ya kwararo ya maka fankon jirgin nan da bango har kwanukansa su tarwatse. Na buɗe rabi kamar yadda aiki ya ce, na jira ruwa ya kwanta, na buɗe saura. Yana tasowa a hankali, fuskarsa tana matsowa kusa da tawa, sai ya ce:

"Mawaƙi, yau ka yi sanyi. Ko sai ka gama baitin za ka buɗe mana?"

Sai ya dafa ƙirji, ya lumshe ido, ya rera: *Ruwan ƙofata ƙafa takwas yake sauka ya tsaya, ni da na faɗa sonki har yau ban taɓa ƙasa ba.*

Baitina! Wanda na rubuta miki a watan Yuni, wanda ban nuna wa ko limamin cocinmu ba! Ban san lokacin da na cafki wuyan rigarsa ba. Bai ko ji haushi ba, abin da ya fi ƙona ni ke nan. Ya ɓamɓare yatsuna ɗaya-ɗaya ya ce, "Sake ni, tsoho. Kai da kake ta zuba mata takardu, ka taɓa tambaya ko ta iya karatu? Ni nake karanta mata. Shekara biyu ke nan."

Ya ce in kun kwana biyu kuna jiran layin sauke kaya a Georgetown sai ki fito da su, ya karanta miki sau uku, sau huɗu, har ki haddace. Ya ce ladan karatun ne kika biya shi da igiyar nan, tunda kin ƙi ba shi komai ban da ita. Ya kuma ce, yana murmushi, wanda ya yi shekara biyu yana faɗa wa mace kalaman so, ko da na aro ne, ai ya fara jin su a bakinsa.

Wayyo Drusilla! Ashe duk abin da na sassaƙa miki da daddaɗar wahala, da muryarsa ya shiga kunnenki? Da na kira ki sanyin idona, idon wa kike kallo? Da na ce zan jira ki har duwatsun nan su narke, leɓɓan wa suka motsa? Na zama kamar mai noman da ya shuka, ya yi ban ruwa, ya kori tsuntsaye, wani ya ɗauko kwandon ya kai wa gimbiya tana yi masa godiya. Kishin igiya ya zama wasan yara a kan wannan. Ina kwana da shi ina tashi da shi, yana tafasa a cikina kamar ruwan da aka saki a rufaffiyar ƙofa.

Kuma duk da haka, wa zan zarga? Me ya sa ba ki faɗa mini ba? Kunya kika ji a gaban mai tara littattafai? Ke da kike karanta ruwa, ki san inda yashi ya taru tun ba a gan shi ba, ki karanta kunnen alfadari ki san hadari na tafe! Ni ne makahon da ya ga mace tana cusa takarda a aljihu shekara biyu ba ta taɓa buɗewa a gabansa ba, bai tambayi kansa dalili ba, don yana jin daɗin a rera masa baitinsa.

Yanzu ga abin da ke gabanmu. Sanarwa ta zo cewa nan da kwana goma sha biyu za a janye ruwan hanyar, ƙanƙara ta riga ta fara kama gefen gaɓa da safe. Wannan hawan da za ki yi shi ne na ƙarshe a bana, kuma inda jirgi ya zauna a laka, nan mai shi zai zauna har Maris. Na san Lemuel zai ce ki wuce zuwa Hancock ki ɗaure kusa da gidan uwarsa. Ya faɗa mini da bakinsa. Ni kuwa ina roƙon ki da duk abin da ya rage mini na mutunci: ki ɗaure a faffaɗan ruwan da ke saman ƙofata. Na gyara rufin barga, ta isa alfadarai huɗu. Akwai ɗaki ga Jubal kusa da murhu, akwai naman alade mai gishiri da garin masara da za su kai mu bazara. Ki aure ni kafin Kirsimeti. In kina so, kowace safiya in nuna miki harafi ɗaya, har ranar da za ki buɗe takardata ke kaɗai ki rufe ƙofa. In ba kya so, ni zan karanta miki da wannan muryar tawa mai kaushi har ƙarshen raina. Na yi ƙoƙarin tsara yadda zan faɗa miki wannan a bakin ƙofa, amma kin san ni: in kika dube ni, harshena yakan zama dutse, minti goman su ƙare ina maganar yanayi.

Gobe da hantsi jirgin Lemuel zai sauko da kwal, kuma shi zai riga ni haɗuwa da ke a hanya. A hannunsa zan ba da wannan takarda, tunda ta wurinsa za ta bi ko na so ko na ƙi.

Saboda haka, kai mai karantawa, kai nake nufi yanzu. Na san ka iso nan, na san ta ga ka yi turus. Kada ka tsallake layi ko ɗaya. Ta san tsawon takarda in ta gan ta, kuma zan tambaye ta abin da ta ji. Kana da bakinka, ka nemi aurenta da kalmominka in kana da su. Amma kafin nan, ka ɗaga murya yadda Jubal ma zai ji daga kan turba, ka dube ta, ka faɗa mata abin da ke biye, kuma ka faɗi sunan da ke ƙasansa:

Drusilla, ki tsaya a ƙofata. In kika tsaya, ni naki ne. In kika wuce, da hannuna zan buɗe miki, in rufe a bayanki, in ci gaba da zama naki har a binne ni a gefen wannan ruwa.

Mai son ki, wanda ba shi da wata,
Ambrose Kershner