Rigar da Ke Durowar Ƙasa

Noci, 24 ga Yuni

Zuwa ga ƙanwata Filomena,

Mena, 'yar'uwata, ina gaishe ki gaisuwar wadda ta yi shekaru ba ta sa nata a ido ba. Ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki Vito da yara da jikoki, kuma sanyin Melbourne bai tayar miki da ciwon gwiwar nan ba. Allah ya ƙara muku lafiya, ya tsare ku a inda kuke. Mu nan sai godiya. Zafi ya sauka da wuri, ɓauren bayan gida ya nuna har tsuntsaye sun fi ni ci. Concetta maƙwabciyata ta yi jika na biyar, shi ma da hancin kakansa, Allah sarki. Fada Oronzo na cocinmu kuwa ya faɗo daga tsani ya karya hannu, yanzu da hagu yake sa mana albarka.

To, ki ajiye abin da kike yi ki zauna, don ba labarin ɓaure ya sa na ɗauki biro ba. Da gangan na ƙi kiran ki a waya. Na san halinki, kafin in kai rabin magana kin fashe da kuka, in koma ni ce mai lallashi. Tun Ista cikina ke damuna, na rame har zoben aurena ya fara zamewa. Ɗana Saverio ya zo daga Brescia ya kai ni asibiti a Bari, aka ɗauki hoton ciki. Ranar karɓar sakamako likita ya ja shi waje, suka daɗe a baranda ina hango su ta gilashi. Da ya dawo sai ya washe baki ya ce, "Mama, ba komai ba ne, ɗan gyambon ciki ne, ki sha magani kawai." Na ce ya ba ni takardar in gani, ya ce tana mota. Mena, yau wata guda ke nan takardar nan tana mota. Tun ranar nake zargin akwai abin da likitan nan ya faɗa wanda ake ɓoye mini.

Ana haka sai ga shi ya sake zuwa, wannan karon da matarsa Ornella da 'yarsu Gemma. Mutumin da ko bikin Kirsimeti sai ya ce aiki ya yi yawa, shi ne ya tuƙo mota awa tara ana tsakiyar aiki, wai za su kai ni hutu. Ina? Wani ƙaton filin wasa a bakin tafkin Garda, irin mai lilo da jiragen da ke kifa mutane a sama, da otal a cikinsa. Na ce, "Kai Saverio, ni da shekara saba'in da biyu, lilo zan hau? Ko dai kana so in mutu a sama ne ka huta da haƙa rami?" Bai yi dariya ba. Ya ce Gemma ce ta nace sai da kakarta. Na dubi yarinya na ce, "Haka ne, 'yar nema?" Ta dubi ubanta tukuna kafin ta ce e.

Ornella ta ce ya kama mana tebur a babban gidan cin abincin otal ɗin, wanda ba a shiga da gajeren wando ko silifas, maza sai da kwat, mata sai da doguwar riga ta fita kunya. Ta ce in je in kai wa Concetta makulli da kyanwata, ita za ta shirya mini akwati. Kin san Ornella, 'yar arewacin ƙasar nan ce, komai da sauri kamar ana kora ta, amma ban taɓa kama ta da mugunta ba. Na bar ta a ɗakina. Ko da na dawo akwati na mota.

Wurin nan, Mena, ban san yadda zan kwatanta miki ba. Tun a ƙofa aka ɗaura mini wani abin roba a hannu irin na asibiti, na ce to, an fara. Rana ƙwal, jama'a sun yi layi na awa guda don a jefa su sama su yi ihu na minti biyu, su sauko su sake bin layi. Wani ƙato sanye da kayan zomo ya zo zai rungume ni, na ce masa, "Matsa can, ɗan nan, je ka sha ruwa kafin ka suma a cikin buhun nan." Gemma ta yi ta dariya har da riƙe ciki. Amma ni ba zomo nake kallo ba, ɗana nake kallo. Taku goma sai ya ce, "Mama, kin gaji? A kawo miki keken marasa lafiya?" Na ce ya kai wa surukarsa. Ko'ina muka tsaya sai hoto: Mama tsaya nan, Mama riƙe Gemma, Mama yi murmushi. Yaron da ya yi shekara arba'in da shida bai taɓa ɗaukar hotona ba sai idan na shiga bayan wani bisa kuskure. Na yi ta tsokanarsa don ya yi mini gardama kamar yadda ya saba. Na zagi tuƙinsa, na zagi askinsa, na ce taliyar arewa abincin kaji ce. Sai ya ce, "Haka ne, Mama." Wannan "haka ne" ta fi komai tsorata ni.

Rana ta biyu da yamma aka ƙwanƙwasa ƙofar ɗakina. Ornella ce, riƙe da riga a rataye, tana fara'a. Ta ce, "Mama, ga taki, na sa an goge miki. Haba, kina da riga irin wannan kike ta yawo cikin baƙi? Duk kayanki na duba, ita kaɗai ce mai launi. Har da takalminta sabo fil na samu a naɗe tare." Ƙamshin kafur ya riga ta shigowa. Mena, sai na zauna a bakin gado. Rigar durowar ƙasa ce.

Ke ba sai na yi miki bayani ba. Kowace mace a garinmu da ta haura sittin tana da tata, a naɗe cikin farin ƙyalle tare da safa da carbi da takalmin da bai taɓa taka ƙasa ba, don kada ranar da ta cika a bar 'ya'ya suna birkita kaya. Tawa silikin nan ne shuɗi mai duhu da kika aiko mini, na sa mata leshi a wuya da hannuna. Shekara shida ina sa baƙi saboda rasuwar mijina Cataldo, amma na ce ranar da zan je wurinsa ba zan je masa da kayan takaba ba, ai ya isa haka. Ita ce Ornella ta zaro, ta kai aka goge, don in je in ci kifi.

Na ce mata na gode, ta fita. Na zauna ina kallon rigar ina saƙe-saƙe. Ko dai yarinyar nan ba ta san komai ba, don a garinsu shago ake zuwa a sayo wa gawa kaya, ko kuma wannan ce hanyar da suka zaɓa su gaya mini ba tare da buɗe baki ba. Na tuna da Babanmu. Ke da ni muka tsaya a baranda da likita, muka dawo muka ce masa sanyin ƙirji ne. Wata huɗu muna dafa masa duk abin da ya ce yana so, muna yi masa ƙarya safe da yamma, muna ganin mun iya. Haka ake yi a wajenmu, ba a gaya wa mai shi. Ban taɓa tunanin wata rana ni za a bari a cikin ɗaki ina leƙe ta gilashi ba. Raina ya ɓaci, na kuma ji tsoro, ba zan ɓoye miki ba. Daga baya na ce to, tunda an kawo ta, zan sa. In ga fuskar kowa.

Na sa ta, na sa safar, na sa takalmin. Ta yi mini yawa a ƙugu, sai da na kama ta da fil. Ƙarfe bakwai da rabi na sauko, na tarar da su a bakin matakala, Saverio cikin kwat. Shi ya san rigar, don bayan jana'izar ubansa na kai shi ɗaki na buɗe durowar na nuna masa, na ce ga inda take, kada ku sa mini wata. Da ya ɗago ya gan ni sai bakinsa ya buɗe, ya rufe. Ya dubi matarsa, ya dubi agogo, ya ce, "Kin yi kyau, Mama. Mu je kada mu makara." Ko tambaya ɗaya bai yi ba.

A ƙofar gidan abincin akwai wani dogo mai farar safar hannu, aikinsa duba tufafin mutane. A gabanmu ya mayar da wani Bajamushe da ya zo da gajeren wando, jajir da ƙunar rana, yana ta masifa. Da ya zo kaina sai ya rusuna ya ce duk bana bai ga riga mai kyan wannan ba, ya tambaya wane tela ne. Na ce masa, "Ni ce telan, kuma sau ɗaya aka ɗinka ta a sa." Ya ce ai irin wannan ta cancanci a yi ta sawa. Na ce Allah ya ji bakinka. Aka zaunar da mu ta wajen tagar da ke kallon tafki, ana jiyo ihun masu lilo daga nesa. Cokula masu yatsu sun kai huɗu a gabana, abincin kuwa loma uku a tsakiyar faranti mai faɗin tire. Kifin ba laifi, amma da Mamanmu ta ga abin da suka kira miya da ta mayar musu.

Na bari sai da aka kwashe faranti, Gemma ta tashi ta je kallon kifayen da ke cikin gilashi a bakin ƙofa. Sannan na ce, "Ornella, 'yata, kin san rigar da kika ɗauko mini?" Ta ce ta fita biki ce mana. Na ce, "Ta shiga akwatin gawa ce. Da ita za a binne ni." Ina kallon ta ƙur. Mena, wanda ya yi kuskure kawai, hannu yake sawa a baki ya ce wayyo na shiga uku, ya yi ta ba da haƙuri, ƙarshe a yi dariya. Ita ba haka ta yi ba. Ta juya ta dubi mijinta, hawaye suka zubo shar, ta tashi da gudu ta yi banɗaki. A nan na wanke ta daga zargin riga, don ba ta sani ba. Amma kukan nan ba na riga ba ne.

Na juya ga ɗana. Duk lokacin da na yi zancen mutuwa, amsarsa ɗaya ce tun yana saurayi: "Ke Mama? Ai ke za ki binne mu duka ki dawo ki ce ba a share kabarin da kyau ba." Na jira ya faɗa. Na ba shi lokaci sosai. Yana ta gyara cokali a kan tebur kamar an biya shi. Can ya ɗaga hannu ya kira mai kawo abinci, ya ce a kawo wa mahaifiyarsa kek ɗin cakulan, babban, a ɗora masa askirim. Ni da ciwon suga! Shekara goma yaron nan yana bincike mini kicin kamar ɗan sanda, yana kwashe biskit daga bayan gwangwanin gari, ko a bikin baftismar Gemma sai da ya fizge mini alewa daga hannu a gaban mutane. Na ce, "Suga fa, Saverio?" Ya ce, "Ci abinki, Mama. Yau ɗaya ba komai." Idonsa na kan tafki.

Shi ke nan, na samu takardata, ba sai an je mota ba. Na dube shi, ƙaton mutum da furfura a gemu, laktaye ya shaƙe shi, yana ta kokawa da fuskarsa don kada ta tona shi. Tausayinsa ya kama ni fiye da nawa. Sai na ƙyalƙyale da dariya na ce, "Kai dai sakarai ne, ubanka sak. Je ka kira matarka, wasa nake mata. Wa ya ce ba a cin abinci da riga don tana da wani aikin a gaba? Gyambon ciki ai ba ya kisa." Ya yi ajiyar zuciya har kafaɗunsa suka sauka, ya ce, "Haka likita ya ce." Na ce na sani. Na cinye kek ɗin tas, na kankare farantin, kuma wallahi ya yi daɗi. Washegari har lilon dawakai na hau da Gemma, na bar shi ya ɗauki hoto iya son ransa.

To Mena, ga abin da nake roƙo. Na san ya kira ki ko zai kira ki, ya ce kada ki gaya mini. Ki ce masa to. Kada ki kuskura ki nuna masa na gane. Yana ganin ya iya ɓoyewa, kuma abin da ya rage masa ya yi mini ke nan, ki bar masa. Yanzu nake tunanin Babanmu ma ya sani tun ranar farko, ya yi ta shan romon kazarmu yana yaba mana.

Ki gaishe mini da Vito, ki ce ya rage taba. Ki gaishe da 'ya'yanki, Rocco da matarsa, da Graziella da yaranta, da ƙaramar nan mai sunana da ban taɓa ɗauka ba. Concetta na gaishe ki, Fada Oronzo ma ya ce in isar da tasa. Kin daɗe kina cewa za ki zo gida wata Kirsimeti. Kada ki jira Kirsimeti, 'yar'uwa. Ki zo kafin kaka, kafin a fara kaɗe zaitun.

Taki har kullum, yayarki,
Nunziata