Jan Ragon Paker

Bisil, Talata

Paker, aminina Lekishon,

Gaisuwa mai yawa. Yaya yara, yaya shanu? Yau tari ya ɗan sassauta, amma ƙafafuna sun kumbura, ban wuce bakin garke ba.

Tun ranar da na ba ka jar tunkiyar nan muke kiran juna Paker, sunan amincin da kyautar tunkiya ke ƙullawa a al'adarmu, muna samari, ban taɓa roƙonka komai a kanta ba. Yau zan roƙa.

'Ya'yana sun kawo raguna Dofa, fararen nan masu baƙin kai, wai sun fi nama. Suka sayar da jajayen ragunanmu, suka koma Nairobi. Da ruwa ya sauka, tsutsar ciki ta shiga garken. Ka buɗe idon ɗan rago ka ga cikinsa fari fat, haɓa ta kumbura, gobe sai gawa. Maganin kanti ya daina ci. Jajayen tumaki huɗu suka rage mini, ciyawa ɗaya suke ci da sauran, ko tari ba sa yi. Amma babu ragonsu, kuma sun tsufa kamar ni. In Dofa ya sake hawansu bana, jinin tumakin babana ya ƙare.

In akwai rago daga tsatson tunkiyar nan, kawo mini shi da kanka. Tun rasuwar uwar yara ba ni da wanda zan ce wa "ka tuna?"

Ka huta lafiya.
Koikai

Narok, Asabar

Paker, tsohon banza,

Lafiya lau muke. Wasiƙarka ta zo da rubutun nan naka na 'yan mishan, har yanzu kamar za ka ci jarrabawa. Kada ka damu da nawa rubutun, 'yata Silantoi ce ke riƙe da alƙalami, ni ina kwance ina ba da umarni.

Wato sai da farare suka zube ka tuna da ni? Ni ma nawa yaran sun kawo Dofa. Na ce su ɗaure shi a bayan gida tare da maganinsa, ai majinyaci ne. Jikokin tunkiyarka sun cika garke. Akwai wani rago ja wur, wutsiyarsa har ƙasa, mugun hali kamar naka. Bai taɓa shan magani ba.

Ran kasuwar Bisil ta ƙarshen wata zan zo da shi. Ka tanadi madara mai tsami, ba shayin nan naka mai kama da ruwan wanki ba. Kuma kada ka kuskura ka mutu kafin in iso.

Naka,
Lekishon

Bisil, Juma'a

Paker,

Ina gaisuwa. Jikin da sauƙi.

Na yi aski, na yafa sabon bargo, na sa aka kai ni bakin titi tun hantsi. Da la'asar motar Narok ta tsaya. Direba ya sauko da ragon, ya miƙo mini igiya. Na tambaye shi ina kake, ya ce wata mata ce ta ɗora ragon, tana ta share ido. Na san Silantoi ce.

Ragon ya shiga garke, tumakin sun karɓe shi. Na duba idonsa, ja kamar garwashi.

Amma na ga sandarka ɗaure a igiyar. Tun da muka zama dattawa ban taɓa ganinka ka fita ko bakin ƙofa babu ita ba. Na gane ka riga ni tafiya. Na jingine ta kusa da tawa.

Madarar tana cikin ƙwarya. Ba ka zo ba.

Koikai