Wa Ya Rasu?

Baba,

Ina gaishe ka da Inna. Yaya tarin nan naka? An cire masara? Ni lafiya lau, siminti ne kawai ya ɗan tsattsaga mini yatsu.

Jiya aka yi bikin al'adun mutanen dutse a nan birnin Hanoi, aka matsa mini in busa sarewarmu ta gora. Busa ɗaya na iya, ta rakiyar mamaci, kunya ta hana ni faɗa, sai na busa ta. Mutanen birni har da rawa! Sai wata tsohuwa 'yar ƙabilarmu ta Hmong ta bar saƙarta, ta riƙo hannuna: "Ɗana, wa ya rasu?"

Baba, me ya sa busar nan kaɗai ka dage ka koya mini kafin in taho?

Kakanni su tsare ku.

Ɗanka,
Vang Tua