Ƙorafi Kan Kulle Hawainiyata Cikin Akwatin Gilashi

Daga: Tsohuwar malamar kimiyya,
Gida mai lamba 14, layin bayan makaranta.

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Sashen Lafiyar Dabbobi.

9 ga Satumba.

Game da: Neman izinin mayar da hawainiya kejinta na raga

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, wannan ita ce takardata ta uku kan magana ɗaya. Ta 12 da ta 26 ga Agusta ban ji ɗuriyarsu ba.

1. Marigayi maigidana ya bar mini hawainiya biyu, Alƙali da Uwargida. Kowacce da kejinta: katako marar fenti, raga mai rufin roba don kada farce ya maƙale, rassa da ganye ɗanye. Shekara uku ko atishawa ba su yi ba.

2. Ranar 4 ga Agusta jami'inka ya zo bisa ƙarar maƙwabta, wai yawun hawainiya dafi ne. Shekara talatin ina koyar da yara, ban taɓa ganin wanda wannan yawu ya kwantar ba. Kowa daga bakin kakarsa ya ji. To ni ma kaka ce, kuma na ce ƙarya ne.

3. Jami'in ya karanto mini ƙa'idar ajiye macizai, ya sa aka juye Alƙali da Uwargida cikin akwatunan gilashi masu murfi, aka shimfiɗa garin katako, ya manna hatimi. Na nuna masa cewa maciji a ƙasa yake ja, hawainiya kuwa a reshe take kwana, iska take bukata. Ya rubuta cewa tsohuwa ta yi gardama.

4. Alƙali ya ga inuwarsa a gilashi, ya ɗauka abokin hamayya ne, namiji irinsa. Ya yi baƙi ƙirin, ya kumbura, ya wuni yana hura wa kansa wuya. Ranar da ya yarda ya harbi fara da harshe, garin katako ya biyo harshen, ya haɗiye. Ya mutu 21 ga Agusta. Maigidana ya raɗa masa sunan ne don ba ya gaggawa. A wannan kaɗai ya yi sauri.

5. Uwargida yau kwana shida ba ta ci ba. Gilashin gumi yake, tana ɗaga kai baki buɗe, da kumfa a gefensa. Na san abin da hakan yake nufi: ciwon numfashi ne, mai kisa.

Don haka ina roƙo, cikin ladabi, a ba ni izinin cire hatimin. Kejin yana nan a baranda, kullum ina fesa wa ganyensa ruwa. Ban taɓa karya doka ba, ban kuma so in fara da furfura.

In amsar za ta wuce Juma'a, kada a wahalar da magatakarda, Uwargida ba za ta kai ba. A turo mota kawai ta kwashe gilashin.

Ka huta lafiya, ranka ya daɗe.

Taka mai biyayya,
Malamar kimiyya mai ritaya.